Ɗan Ƙasa Ko Jingina? Tsokaci a Kan Hausawan Fatakwal da Anaca da Inugu

Kishin ƙasa a Nijeriya yana da lokutansa, kamar yadda damina da kaka suke da nasu. Yakan taso ranar 1 ga Oktoba, sa'ad da 'yan makaranta suke maci da tuta a hannu, yakan kuma taso duk ranar da 'yan ƙwallonmu suka shiga fili. A shekarar 1996, lokacin da suka ciwo lambar zinare a gasar Olamfik ta Atlanta, babu wanda ya tsaya tambayar garin su Nwankwo Kanu ko na su Tijjani Babangida kafin ya daka tsalle. To amma da zarar alƙalin wasa ya busa tashi, sai kowa ya laluba aljihu ya ciro takardar shaidar asalin ƙaramar hukumarsa, a koma gidan jiya.

Irin wannan kishi ba shi da tsada, domin ba ya cin kowa komai. Wanda yake son ya auna kishin ƙasa na gaskiya, sai ya tafi inda zama ɗan Nijeriya yake iya cin ran mutum. Ɗaya daga cikin irin waɗannan wurare shi ne zangunan Hausawa na Fatakwal da Anaca da Inugu. Abin da wannan tsokaci yake son tabbatarwa shi ne, mazauna waɗannan zanguna sun fi kowa ɗaukar alkawarin "Nijeriya ɗaya" da gaske, amma sakayyar da aka yi musu ita ce aka mayar da su jingina. Kuma masu hannu a wannan aika-aika ba a ƙetaren Kwara kawai suke ba. Da yawansu suna nan Arewa, wasu a kan kujerun mulki, wasu kuma riƙe da alƙalami.

Su wane ne Hausawan Gabas?

Mutumin Kano ko Katsina yakan ɗauka cewa duk Bahaushen da yake Gabas ɗan ci-rani ne, wanda ruwan farko zai koro shi gida. Akwai irin waɗannan, babu musu: 'yan dako da masu yankan farce da masu gyaran takalma da 'yan acaɓa. Amma a bayansu akwai wata al'umma zaunanniya wadda ta girmi ƙasar da ake kira Nijeriya. A garin Elele, kan hanyar Fatakwal zuwa Owerri, akwai zangon da ya samo asali daga maharba giwa tun wajen ƙarshen ƙarni na 19, wato kafin Lugga ya haɗe Kudu da Arewa a 1914. Farfesa Egodi Uchendu ta Jami'ar Nsukka ta bi diddigin irin waɗannan zanguna a littafinta na 2011 a kan zuwan Musulunci ƙasar Ibo.

Daɗin daɗawa, biyu daga cikin biranen nan uku ba su girmi zuwan Hausawa yankin ba. An gano kwal a tsaunukan Udi a 1909. Domin fitar da shi ne Turawa suka kafa Fatakwal, suka raɗa mata sunan sakataren mulkin mallaka Lewis Harcourt a 1913, suka kuma ja layin dogo ya isa Inugu a 1916. Layin ya haɗu da Kaduna ta Kafancan a 1927, aka buɗe gadar Makurɗi a 1932. Ƙasar da aka gina biranen a kanta tana da masu ita, wato Ikwerre da Okrika a Fatakwal, Ngwo da Nike a Inugu, amma su biranen kansu baƙi ne suka cika su, kuma Bahaushe yana cikin baƙin farko. Anaca ce kaɗai tsohon gari mai tsohuwar sarauta, ita ma kogi ya daɗe da haɗa ta da Nufawa da Igala da fataken Hausa. Ba banza ba ne babban masallacin garin yake kan titin da ake kira Titin Bida.

Aikin da wannan al'umma take yi kuwa, duk wanda ya ci nama ko ya sha miya a Gabas ya san shi. Tireloli suna tasowa da shanu daga Fataskum da Maigatari da Mubi, da albasa daga Aliero, da wake daga Dawanau, da bandar kifi daga Baga, su sauke a Garki ta Inugu, ko a Amansea kusa da Awka, ko a Lokpanta kan babbar hanyar Inugu zuwa Fatakwal. Su juyo ɗauke da manja da garin rogo da kayan gyaran mota. Tsakanin mai shanu na Yobe da mahaucin Anaca akwai maigida da yake saukar da falke, da dillali da yake sasanta ciniki, da bashi na miliyoyi da ake bayarwa a kan amana kawai. Lokacin da ƙungiyar dillalan shanu da kayan abinci ta dakatar da kai kaya Kudu a ƙarshen Fabrairu 2021, cikin mako guda nama da kayan gwari suka yi tashin gwauron zabi a can, tumatir kuma ya yi ta ruɓewa a nan. Ashe jijiya ɗaya ce, in an yanke ta kowa zai zubar da jini.

'Ya'yan waɗannan zanguna suna tashi da harshe uku a baki: Hausa a gida, Ibo ko Ikwerre a layi, Turancin buroka a kasuwa. Wasunsu uwayensu mata 'yan ƙasar ne. Abin da gwamnati ta kafa shirin bautar ƙasa dominsa a 1973, take kuma kashe maƙudan kuɗi a kansa kowace shekara, su sun same shi tun suna goye.

Darasin Malam Umaru Altine

Mai shakkar cewa Bahaushe ko Bafulatani zai iya zama ɗan gari a Gabas, ya tambayi tarihi. Sa'ad da Inugu ta sami matsayin birni mai cin gashin kansa a 1956, magajin garinta na farko shi ne Malam Umaru Altine, Bafulatani mai sana'ar shanu daga Lardin Sakkwato, jigo a reshen matasa na jam'iyyar NCNC ta Dokta Nnamdi Azikiwe. A lokacin Inugu ce hedkwatar Jihar Gabas baki ɗaya. Mutanen da mafi yawansu Ibo ne kuma Kirista suka ɗora Musulmi ɗan Arewa a kan birninsu, saboda a cikinsu yake zaune, tare da su yake gwagwarmaya. Shi kansa Azikiwe a Zungeru aka haife shi a 1904, ya kuma tashi da Hausa a bakinsa. A wannan gari dai aka haifi Odumegwu Ojukwu a 1933.

'Yan siyasar yau suna son ambaton Altine a wurin taro, su ce a dā muna zaman lafiya. Amma labarinsa tuhuma ce a kansu. Idan abin ya yiwu a 1956, ƙarƙashin Turawan da muke zargi da raba kawunanmu, me ya hana shi yiwuwa bayan fiye da shekara 60 da samun mulkin kai? Shin Inugu za ta zaɓi jikan Altine ya shugabanci ƙaramar hukuma a yau? Kafin mai karatu ya girgiza kai yana tsaki, ya amsa ɗaya tambayar: shin Kano za ta zaɓi Ibo haifaffen Sabon Gari ya shugabanci ƙaramar hukumar Fagge? Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani.

Takardar da ta fi mutum daraja

Tushen cutar yana cikin tsarin mulkin 1999 kansa, wanda yake bayarwa da dama yana karɓewa da hagu. Sashe na 41 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin zama inda ya ga dama. Sashe na 42 ya haramta nuna masa bambanci saboda ƙabila ko addini ko wurin asali. Sashe na 43 ya ba shi damar mallakar fili ko gida a ko'ina. Sashe na 15 ma ya ɗora wa hukuma nauyin tabbatar masa da cikakken haƙƙin mazauni, da ƙarfafa auratayya tsakanin ƙabilu. Sai dai wannan sashe na 15 yana cikin babi na biyu, wanda sashe na 6 ya ce kotu ba ta da hurumin tilasta aiki da shi. Can gaba kuma sashe na 147 ya wajabta a naɗa minista daga kowace jiha, kuma lallai ya kasance "ɗan asalin" jihar, sashe na 318 ya danganta zama ɗan jiha ga asalin iyaye ko kakanni. Wato alkawarin yana inda ba a iya kai ƙara, wariyar kuwa tana inda ake raba muƙami.

Daga nan ne takardar shaidar asali ta sami ƙarfinta. Da ita ake neman gurbin jami'a da tallafin karatu da aikin gwamnati da shiga soja ko ɗan sanda. A ɗauki yaron da aka haifa a Diobu ta Fatakwal, aka haifi ubansa a can, kakansa ne ya zo daga wani ƙauye na ƙasar Kazaure ko Daura. Fatakwal ba za ta ba shi takarda ba, domin baƙo ne. Dole ya hau mota ya yi tafiyar kwana da yini zuwa garin da bai taɓa kwana a cikinsa ba, ya nemi mai unguwa ko dagacin da zai shaide shi. A can kuma za a saurari Hausarsa da ta sha ruwan Kurmi, a dube shi a ɗage, a ce, "Kai ɗan wane gida ne?" In ya yi sa'a akwai tsohon da ya tuna kakansa. In bai yi ba, ya zama ɗan Nijeriya wanda ba ɗan ko'ina ba. Ƙungiyar Human Rights Watch ta wallafa rahoto sukutum a kan wannan matsala a 2006, har yau kuma takardar tana nan da ƙarfinta.

Kada a ɗauka cewa rigimar Hausa da Ibo ce kawai. A 2011 gwamnatin Jihar Abiya ta sallami ma'aikatanta waɗanda ba 'yan asalin jihar ba, mafi yawansu kuwa Ibo ne daga jihohin maƙwabta. Bayan yaƙin basasa, gidajen Ibo na Fatakwal ne aka kira "dukiyar da aka yasar" aka hana masu su. Wutar da aka kunna domin baƙo, in ta cinye shi, kan ɗan gida take juyawa.

Yadda ake mayar da mutum jingina

Jingina ita ce kadarar da ake riƙewa domin bashin da wani ya ci. Duk lokacin da aka zubar da jinin Ibo a Arewa, Bahaushen zango ne yake biya a Gabas. Duk lokacin da aka zubar da nasa, ɗan tireda na Sabon Gari ne yake kwana da takalmi a ƙafa. Babu ɗayansu da aka yi shawara da shi kafin a ci bashin.

A 1966 an kashe dubban Ibo a garuruwan Arewa, wannan gaskiya ce da babu amfanin kewaye ta. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, a ƙarshen wannan shekara gwamnatin Ojukwu ta umarci waɗanda ba 'yan Gabas ba su fice, saboda ba za ta iya lamunce tsaronsu ba, zanguna suka watse har sai bayan yaƙin da ya ƙare a Janairu 1970. A Fabrairu 2000, rikicin shari'a na Kaduna ya haifar da ramuwar gayya a Aba. A Fabrairu 2006, wani zane da wata jarida ta buga a ƙasar Denmark ya tayar da tarzoma a Maiduguri, aka kashe Kiristoci, aka ƙone coci-coci. Kwana kaɗan bayan haka Anaca ta kama da wuta: aka karkashe 'yan Arewa, aka ƙone masallatai, waɗanda suka tsira suka fake a barikin soja ko suka tsallaka gada zuwa Asaba. Mai karatu ya dubi tsawon wannan sarƙa. Mai zanen yana Turai, masu tarzomar suna Barno, wanda aka yanka kuwa mai sayar da albasa ne a bakin Kwara, wanda watakila bai taɓa jin sunan Denmark ba.

Saboda haka ne nake ganin abin da ya faru a Gidan Arewa na Kaduna ranar 6 ga Yuni 2017 cin amana ne. A ranar wasu ƙungiyoyin matasa suka ba Ibo mazauna Arewa wa'adin su tattara su bar yankin kafin 1 ga Oktoba, suka kuma ce 'yan Arewa da suke Gabas su dawo. An janye wa'adin a watan Agusta, amma a wannan tsakani har wata waƙar Hausa mai kiran a far wa Ibo ta bi wayoyin jama'a. Waɗanda suka karanta sanarwar sun koma gidajensu sun yi barci. Wa suka tuntuɓa a Oyigbo ko a Titin Bida? Wace gona suka tanadar wa mahaucin da ya shekara 40 a Inugu in ya dawo? Jarumtar da ake yi daga nesa da wuyan wani, sunanta tsoro.

Wannan ba ya wanke masu kisa na can. Tun da aka fara tilasta zaman gida na ranar Litinin a Agusta 2021, talakan da sai ya fita zai ci ya ga tasku, Ibo da Bahaushe baki ɗaya. A Mayu 2022 'yan bindiga sun harbe wata mata mai juna biyu 'yar asalin Adamawa tare da 'ya'yanta huɗu a Jihar Anambra. A ƙarshen Maris 2025 an tare mafarauta da suka taso daga Jihar Ribas za su Kano yin Sallah, aka kashe 16 daga cikinsu a Uromi ta Jihar Edo, bisa zargin da babu kotun da ta saurara. Duk wanda ya kashe mutum saboda harshensa ko hularsa azzalumi ne, ko wane yare yake yi. Tambayar da ta rage mana a Arewa ita ce: me ya sa ba ma sanin mutanen nan suna raye sai ranar da suka mutu? In gawa ta iso, a yi ta fitar da sanarwa, manya su je ta'aziyya da masu ɗaukar hoto. Bayan sadakar bakwai kuwa shiru kake ji. Wanda bai taɓa tambayar ko akwai makarantar kirki a zango ba, ba shi da bakin yin kuka da gawar ɗan zango.

Amsa ga masu cewa "su dawo gida"

Hujja ta farko da akan kawo ita ce karin maganar nan, kowa ya bar gida, gida ya bar shi. To, ina ne gida? Wanda kabarin ubansa da na kakansa suke Fatakwal, ina kake so ya koma? Kuma in ya zo, wane gida zai tarar? Da yawa daga cikin sababbin masu kwarara Kudu, musamman daga Zamfara da Katsina da Sakkwato da Barno, ba kwaɗayi ne ya fitar da su ba. 'Yan bindiga da Boko Haram ne suka raba su da gonakinsu. Shugaban da ya kasa tsare mutum a ƙauyensa, bai kamata ya ji daɗin ce masa ya dawo ba. Ban da haka, tafiya ita ce ta gina Bahaushe. Littafin Mahdi Adamu na 1978 ya nuna yadda fatake da malamai suka kai Hausa Gwanja da Asante da sauran sassan Afirka ta Yamma. Muna alfahari da zangon Kumasi da na Accra, muna lissafa su in muna kurin yawan masu jin Hausa a duniya. Don me zangon Anaca kaɗai zai zama abin kunya?

Hujja ta biyu ita ce, Ibo sun mallaki benaye da otal-otal a Kano da Kaduna da Abuja, alhali Bahaushe yana shan wuya kafin a sayar masa da fili a Gabas. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Ƙasa ta yi ƙaranci a yankin, galibinta kuma gadon dangi ce da ba a sakin ta da sauƙi. Matakin da gwamnatin Abiya ta ɗauka a 2023 na hana kwana a kasuwar Lokpanta saboda dalilan tsaro ya nuna yadda zaman shekaru yake iya girgiza da sanarwa guda. Amma me ya kamata ya biyo bayan wannan ƙorafi? Mai hankali zai ce a faɗaɗa haƙƙin Bahaushe a can har ya kai na Ibo a nan. Mai neman suna shi ne zai ce a rage na Ibo a nan. Na farko yana ƙara wa ɗan zango fili, na biyu yana ƙara masa maƙiyi. Manyanmu sukan ɗaga murya a kan haƙƙin Hausawan Jos, suna cewa wanda ya shekara 100 a wuri ya wuce baƙo. Magana ce mai kyau, sai dai gaskiya ba ta da ƙabila. In ta yi aiki a Jos, dole ta yi aiki a Sabon Garin Kano da na Zariya.

Shirun alƙalami

Ga mu nan a fagen adabi, inda shirun ya fi ciwo. A shekarun 1990 an tafka muhawara a jaridu a kan littattafan soyayya na matasa, inda Ibrahim Malumfashi ya laƙaba musu suna "Adabin Kasuwar Kano", yana kwatanta su da ƙananan littattafan da aka riƙa bugawa a kasuwar Anaca daga ƙarshen shekarun 1940 har zuwa yaƙin basasa. Su Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka mayar da martani. An amfana da muhawarar ƙwarai. Amma abin lura shi ne, sunan Anaca ya shiga nazarin Hausa a matsayin ma'auni, Hausawan da suke zaune a Anaca kuwa suka tsaya a bakin ƙofa.

Ina ƙalubalantar mai karatu ya ƙirga a yatsunsa ƙagaggun labaran Hausa da ya sani waɗanda tauraronsu haifaffen zangon Gabas ne. Marubutanmu sun kai taurarinsu Dubai da Landan da Indiya, sun aurar da su ga 'ya'yan sarakunan Larabawa, amma motarsu ba ta cika tsallake gadar Makurɗi ba. A fim kuwa, Ibo yakan fito ne a matsayin mai kantin magani mai karyayyar Hausa domin a yi dariya, kamar yadda finafinan Kudu suke fito da Bahaushe a matsayin "aboki" maigadi wawa. Kowa yana yi wa ɗan'uwansa gwalo ta kan katanga.

A kwatanta da Cyprian Ekwensi, Ibo haifaffen Minna a 1921. Shi ya wallafa The Passport of Mallam Ilia a 1960, da Burning Grass a 1962, labarin gidan Fulani makiyaya. Manazarta sun daɗe suna nuna yadda An African Night's Entertainment nasa ya yi kama da Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, kuma suna da hujja. Amma ko me za a ce, mutumin ya ɗauki rayuwar Arewa a matsayin abin da ya isa a rubuta, ya kai ta ajin 'yan makarantar Kudu. Ina namu Ekwensin? Ga kayan labari nan jibge: yarinyar da uwarta 'yar Nsukka ce ubanta Bakatsine, Sarkin Hausawa da yake tsaye tsakanin jama'arsa da hukuma ba shi da ɗan sanda ko ɗaya, maƙwabcin da ya ɓoye maƙwabcinsa a ɗaka ranar tarzoma. Irin wannan ɓoyo ya faru a Kano, ya faru a Anaca, kuma shi ne kishin ƙasa tsantsa. Mutumin da adabi bai ba shi fuska ba, da sauƙi siyasa take mayar da shi adadi.

Haka abin yake a ɓangaren harshe. Hausar da ake yi a Diobu da Garki, da kalmomin da ta ara daga Ibo da buroka, da waɗanda ta ba su, fage ne na digiri ɗai-ɗai har zuwa na uku. Abner Cohen ya yi wa Sabo ta Badun littafi tun 1969. Ɗalibanmu kuwa ana ta maimaita musu jigo da salo a waƙoƙin da aka riga aka tatse.

Abin da ya kamata

Wasu ƙasashe sun fuskanci irin wannan, sun kuma taɓuka wani abu. A Kenya, Nubiyawan unguwar Kibera ta Nairobi jikokin sojojin da Ingila ta kwaso daga Sudan ne, sun shekara kusan 100 ana yi musu kallon baƙi, ana wahalar da su kafin a ba su katin ɗan ƙasa. Sun kai ƙara har gaban kwamitin Tarayyar Afirka mai kula da haƙƙin yara, ya ba su gaskiya a 2011, a 2017 kuma gwamnatin Uhuru Kenyatta ta miƙa musu takardar mallakar eka 288. A wannan shekara dai aka amince da Makonde, waɗanda kakanninsu suka zo daga Mozambik aikin gona, a matsayin ƙabilar Kenya. Kenya ba aljanna ba ce, rikicin zaɓenta na 2007 shaida ne. Amma ta nuna cewa alƙalamin da ya rubuta mutum baƙo yana iya goge rubutun. Namu ma ya fi sauƙi, domin babu mai musun cewa ɗan zango ɗan Nijeriya ne.

Saboda haka, abu na farko shi ne a gyara tsarin mulki, haihuwa a wuri ko zama na wasu ƙayyadaddun shekaru tare da biyan haraji su wadatar wajen samun duk haƙƙin da ɗan jiha yake da shi. Sarautar gargajiya da filin gado su zauna ga masu su, babu mai neman Bahaushe ya zama Obi na Anaca. Makaranta da aiki da takara kuwa na mazauni ne. Kuma 'yan majalisar Arewa ne ya kamata su fara kawo wannan ƙudiri, su fara aiki da shi a jihohinsu, domin Arewa tana da mutane a warwatse ko'ina cikin ƙasar nan. Na biyu, duk ƙungiyar da za ta yi magana da sunan Arewa a kan Ibo, ta fara jin ta bakin shugabannin zanguna, tun da mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na uku, attajiran da suke cin ribar safarar shanu da kayan gwari su tuna cewa yaran zango suna bukatar makaranta fiye da buhun shinkafar azumi. Na huɗu ya rataya a wuyan sassan Hausa na jami'o'i: a tura ɗalibai Gabas da na'urar ɗaukar magana, a tattara tarihin tsofaffin zanguna tun ba su ƙare ba, a kuma buɗe shafukan mujallu irin wannan ga 'ya'yansu, su rubuto da irin Hausarsu.

Ɗan zango bai karanta sashe na 41 ba, amma ya yi aiki da shi. Ya ɗauki iyalinsa da jarinsa ya ajiye a inda ba a jin yarensa, bisa yardar cewa ƙasar tasa ce. Masu jawabin haɗin kai ba su taɓa sa abin da ya kai wannan a faifai ba. In ƙasa ta ci gaba da riƙe irin wannan mutum a matsayin jingina, to ranar da ya yanke ƙauna ya naɗe tabarmarsa, shi da takwaransa na Sabon Gari, babu tuta ko ƙwallon da za su riƙe ta.